Jif ɗin gas da lissafin mai: abin da takarda ke faɗa da abin da tanki ke sha

Magana ɗaya ce ke sayar da babbar jif mai amfani da gas a wajen dillalan mota: "Alhaji, wannan ba ta shan mai." Da kunnena na ji ta ranar da na raka yayana duba wata Land Cruiser V8 da aka shigo da ita daga Dubai. Dillalin ya dafa bonet, ya ce in aka cika ta a Kano za ta je Abuja ta dawo ba a tsaya gidan mai ba, har da ragowa. Yaya ya dube ni, na gyaɗa kai, domin lissafin ya fita. Tankunan motar guda biyu suna ɗaukar lita 138, zuwa da dawowar kuma bai kai kilomita 900 ba. Aka yi ciniki, aka sallama.

Ba a rufa wata biyu ba ya kira ni bayan isha'i, ransa a ɓace. "Kai da ka iya lissafi, zo ka duba mini motar nan. Ko dai tankin na yoyo, ko kuma yaron nan ne ke zuƙe mini mai." Muka duba, tanki lafiyarsa ƙalau. Direban ma, bawan Allah, bai taɓa ko ɗigo ba, kuma har yau ina jin nauyin zargin da aka yi masa. Dillalin shi ma bai yi ƙarya ba. Motar hanya aka saya aka ɗaure ta a cikin gari: kai yara makaranta da safe, Kantin Kwari da hantsi, ɗaurin aure ranar Asabar, ta wuni tana jira a rana da esi a kunne.

In na ce gas, man dizal nake nufi, wanda tireloli da injinan niƙa da manyan janareto ke sha, ba iskar girki ko wadda ake ta juya motoci zuwa gare ta a yanzu ba.

Sauƙin shan mai na injin gas ba tatsuniya ba ce. Shi kansa man ya fi fetur kauri da nauyi, ƙarfin da ke cikin lita ɗaya tasa ya ɗara na fetur da kamar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Tun daga bakin famfo ke nan mai gas ya riga ya sayi aiki fiye da mai fetur a kowace lita. Sai kuma yadda injin ke ƙona shi. Injin gas ba shi da filogi. Iska zalla yake matsewa a cikin silinda, ninki 15 ko fiye, har ta yi zafin da in aka fesa mata mai sai ya kama da kansa. Injin fetur ba ya jure wannan matsi, nasa yakan tsaya wajen ninki 10 zuwa 12, kuma gwargwadon matsi gwargwadon aikin da ake tatsa daga kowane ɗigo. Akwai wani abu na uku da ba a cika ambata ba. A maƙogwaron injin fetur akwai marfin da ke rage iska muddin ba a taka totur sosai ba, sai injin ya riƙa jan numfashi da ƙyar kamar wanda mura ta toshe wa hanci, wannan jan numfashin kuwa da mai ake biyansa. Injin gas da yawan man da ya fesa yake daidaita ƙarfinsa, iska kuwa ta shigo yadda take so.

Shi ya sa mota mai nauyi ta fi dacewa da gas. Injin V8 mai lita 4.5 na Land Cruiser 200 yana ba da cikakken ƙarfin jansa tun yana juyawa a hankali, wajen juyi 1,600 a minti. Wanda ya gaje shi a Land Cruiser 300 da ta fito a 2021, V6 mai lita 3.3 da giya 10, haka yake. Ba sai injin ya yi kuka kafin ya ɗaga tan biyu da rabi da ɗoriya ba. In aka jera jif biyu masu girma ɗaya a kan doguwar hanya, ta gas takan sha ƙasa da ta fetur da kamar kashi ɗaya cikin huɗu, wani lokacin har kashi ɗaya cikin uku. Wannan bambancin na gaske ne, ban kuma taɓa ganin wanda ya auna da kyau ya musa shi ba.

Rigimar tana farawa ne daga lambar da ke jikin takarda. A Ostireliya, inda ake matuƙar ji da waɗannan motoci, Toyota ta rubuta wa Land Cruiser 200 ta gas lita 9.5 a kowane kilomita 100 a shekarunta na ƙarshe, ta rubuta wa 300 lita 8.9, wato sama da kilomita 11 a lita ɗaya. Mutum ya karanta wannan a wayarsa, ya buga lissafi, ya ga babbar jif za ta sha kusan abin da tsohuwar Camry ɗinsa ke sha. Abin da bai sani ba shi ne inda aka samo lambar.

Ba a kan titi aka samo ta ba. A cikin ɗakin gwaji ake ɗora motar a kan wasu gangunan ƙarfe masu juyawa, tayoyi na gudu mota na tsaye, ana tara hayaƙin salansa ana aunawa. Tsohon gwajin Turai da ake kira NEDC, wanda na Ostireliya ya samo asali daga gare shi, tafiyar kilomita 11 ce kacal cikin minti 20, matsakaicin gudunta bai wuce kilomita 34 a awa ba. Ɗakin ba zafi ba sanyi, esi a kashe, fitilu a kashe, babu tudu, babu rami, babu fasinja bakwai da buhun shinkafa a baya. Tashin motar ma na lallaɓawa ne: daƙiƙa 26 ake ba ta kafin ta kai gudun 50. Duk direban da ya tashi haka daga danjar Kano, sai masu adaidaita sahu sun cika masa kunne da hon. Wata cibiyar bincike mai suna ICCT ta bi diddigin abin shekara da shekaru, ta gano cewa ratar da ke tsakanin lambar takarda da abin da motoci ke sha a titunan Turai ta tashi daga kashi 9 cikin ɗari a 2001 zuwa kusan kashi 42 a 2016. Kamfanoni sun ƙware wajen shirya mota don ta ci jarrabawa.

A 2017 Turai ta fara sabon gwaji, WLTP: minti 30, kilomita 23 da 'yan kai, gudu har 131, tashi da tsayawa masu kama da na mutane. Ya rage ratar amma bai rufe ta ba, kuma har a cikinsa esi a kashe yake. Tun daga 2021 sababbin motocin Turai na ɗauke da na'urar da ke ƙidaya man da suka sha a zahiri, kuma rahoton da Hukumar Tarayyar Turai ta fitar a 2024 daga waɗannan na'urori ya nuna motocin gas suna shan kusan kashi 18 cikin ɗari fiye da lambar WLTP. A Turai ke nan, inda titi yake sumul, mai yake da tsabta, rana kuma ba ta kai digiri 40 sai an yi labarinta. To ina ga Sakkwato a watan Afrilu?

Akwai kuma ruɗanin ma'auni, wanda ke kama masu karanta sharhin motoci a intanet. Bature ɗan Ingila in ya ce motarsa na yin mil 30 a galan, galan ɗinsa lita 4.55 ne, abin da yake nufi ke nan lita 9.4 a kilomita 100. Ba'amurke in ya faɗi lamba iri ɗaya, galan ɗinsa lita 3.79 ne, nasa ya kama lita 7.8. Mu kuma galan ɗin da muka sani a bakin titi lita 4 ne, in ya cika. Mutum uku na iya cewa "talatin", kowa da abin da yake nufi.

Abin da masu irin wannan V8 ɗin suka saba gani a zahiri shi ne lita 11 zuwa 13 a doguwar hanya in an tafi da hankali, lita 14 zuwa 17 a cikin gari, in kuma ana jan tirela mai nauyi ko ana keta rairayi sai ta haura 20. Wannan shi ne ainihin shan manta in lafiyarta lau. Amma motar yayana ta wuce nan a cikin gari, kuma dalilin ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ke cin kuɗin mafi yawan masu jif a garuruwanmu ba tare da sun ankara ba.

Tsayuwa ce. Babban injin gas da aka bari a kunne da esi yana shan lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a awa, mota ba ta motsa ko taku ɗaya ba. A ido abin kaɗan ne. To a ɗauka motar na yin kilomita 30 a rana a cikin gari, a kan lita 15 a kilomita 100: lita 4.5 ke nan. A ɗora awa biyu na jira, a ƙofar makaranta, a bakin banki, a gidan gaisuwa, Hajiya ta shiga ta ce yanzu za ta fito: lita 3. Jimla lita 7.5 a kilomita 30, wanda in aka mayar da shi ma'aunin takarda ya zama lita 25 a kilomita 100. Fiye da ninki biyu da rabi na abin da Toyota ta rubuta, ba kuma tare da ko kusa ɗaya ta kwance a jikin motar ba. A wata guda, jira kaɗai ya cinye fiye da rabin tankin nan mai lita 138. Da na nuna wa Yaya wannan a bayan wata takardar rasit, shiru ya yi, can ya ce, "Ashe ni ne nake ce masa kada ya kashe, don kada in shigo in tarar da zafi."

Gajeriyar tafiya ma tana da nata. Injin da ke ɗauke da baƙin mai wajen lita 9 da tarin ƙarfe yana ɗaukar lokaci kafin ya yi ɗumin da yake aiki daidai, kafin nan kuwa yana shan fiye da ƙa'ida. Wanda tafiyarsa ba ta wuce kilomita huɗu ko biyar, kullum a wannan yanayin yake tuƙi. Ga cunkoso. Duk lokacin da aka ɗaga mota mai kilo 2,600 daga tsaye, mai aka ƙona, duk lokacin da aka taka birki kuma, wannan man ne ya zama zafi a faifan birki ya bi iska. Daga Kurna zuwa Bata a Kano da yamma, ko daga Mararraba zuwa cikin Abuja da safe, sau nawa ake wannan? Ƙaramar mota ma tana asara a nan, amma rabin nauyin take ɗagawa.

A doguwar hanya kuma, inda ya kamata motar ta nuna halinta, ƙafar direba ce ke ɓata lissafi. Jif doguwa ce, faffaɗa, gabanta kamar bango. Turjiyar iska ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, tana ninka kanta ne: daga gudun 100 zuwa 140 ta kusa ruɓanya sau biyu, a 160 ta haura biyu da rabi. Motar kuwa ba ta nuna gajiya. Shiru take, ba girgiza, mutum na hira a waya bai san allura ta wuce 150 ba, musamman a inda aka gyara titi tsakanin Kano da Zariya. Motar da za ta yi lita 11 ko 12 a gudun 100 tana iya kai 15 ko 16 a gudun 150. Na san dalilin da ya sa wasu ke gudu a wasu hanyoyinmu, kowa na son ya wuce wuraren da ake tsoro da sauran rana, ban kuma ga laifinsu ba. Sai dai a sani cewa mai ake biya.

Ga kuma kayan ado da na tsaro. Ƙarfen gaba, keji a saman rufi, tayoyi masu faɗi da manyan haƙora, kowanne yana ƙara nasa. Motar da aka yi wa sulken harsashi ta ƙara ɗaruruwan kilo, wata har kusan tan guda, lambar takarda ba ta shafe ta ba sam. Taya mai ƙarancin iska tana ja, filtar iska da ƙurar hunturu ta toshe ita ma haka. Manyan tayoyi suna da wata ɓarna ta daban: suna sa ma'aunin tafiya ya ƙidaya ƙasa da abin da aka yi, sai lissafin kansa ya karkace.

Duk wannan a lita muke magana. Aljihu kuwa da naira yake lissafi, kuma a nan Najeriya tana da tarihin da ya sa jif ɗin gas bai taɓa yin kasuwa kamar na fetur ba. Tun 2003, zamanin Obasanjo, gwamnati ta sakar wa kasuwa farashin gas, ta ci gaba da tallafa wa fetur har shekara 20 bayan nan. Wanda ya riƙe motar gas a 2022 ba zai manta ba. Bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, litar gas ta tashi daga wajen naira 300 zuwa 800 cikin 'yan watanni, fetur kuwa yana nan wajen 185 a gidajen man da ke bin farashin gwamnati. Jif mai shan lita 12 na gas tana cin naira 9,600 a kilomita 100, takwararta mai shan lita 17 na fetur tana cin 3,145. Mai motar da "ba ta shan mai" yana biyan ninki uku. Mutane da yawa a lokacin suka jingine motocinsu suka lulluɓe.

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin fetur, a farkon 2024 kuma matatar Dangote ta fara fitar da gas, farashin biyun ya matso kusa da juna. Daga nan ne lissafin ya fara komawa wajen mai gas. Ƙa'idar mai sauƙi ce, kowa zai iya bugawa a wayarsa a duk ranar da farashi ya canza. In ta gas na shan 12 ta fetur na shan 17, to mai gas yana kan riba muddin litar gas ba ta kai ninki 1.4 na litar fetur ba. A misali, in fetur na naira 900 gas na 1,100, kilomita 100 zai ci wa mai gas 13,200, mai fetur 15,300. Rarar 2,100 ke nan. Wanda ke yin kilomita 20,000 a shekara ya tsira da naira 420,000. Wanda ke yin 6,000, duk a cikin gari, rararsa ba ta taka kara ta karya ba. A Nijar, inda gwamnati ke yanke farashi, ragin da aka yi a Yulin 2024 ya sa fetur a sefa 499, gas a 618, rata ce da ke ƙasa da wancan ma'auni. Ga kuma nisan hanyoyinsu, daga Yamai zuwa Damagaram ko Agadas, irin tafiyar da aka ƙera injin gas dominta.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba, domin rarar nan tana da mai cinye ta a dare ɗaya, shi ne ingancin man. Sunan da injin gas ya yi na juriya, tsofaffi ne suka yi masa shi, irin injin 1HZ mai lita 4.2 da Toyota ta fito da shi a 1990, wanda ba turbo ba kwamfuta, ya sha abin da aka ba shi ya yi tafiyarsa. Injin jif ɗin zamani wata halitta ce daban. Famfonsa yana matse mai har wajen ma'aunin bar 2,000, alhali iskar da ke cikin tayar motar ba ta kai bar 3 ba. Ramukan bakin nozul ɗinsa kamar silin gashi suke, suna fesawa sau da yawa a kowane bugu. Kuma man da ke ratsa famfon shi ne ke zame masa maiƙon da ke hana ƙarfe cin ƙarfe. In aka gauraya gas da kalanzir, santsin nan ya tafi. In ruwa ya shiga, daga tankin ƙasa na gidan mai ko daga jarkar 'yan bumburutu, tsatsa ta samu ƙofa. Gas ɗin da ake dafawa a daji kuwa, ba a ma maganarsa.

Na ga wannan da idona a garejin da Yaya ke kai motar. Wata fitila ta kama a gaban sitiyari bayan ya sha mai a wani ƙaramin gida a hanya. Bakaniken ya kwance ƙasan filtar mai, ya tara wata gorar ruwa da ya yanke wa kai. Da abin ya kwanta sai ga shi ya rabu biyu: gas mai ruwan zuma a sama, a ƙasa kuma wani ruwa mai duhu, kaurin yatsa biyu, da ɗan tsaki-tsaki a ciki. Ya ɗaga gorar saitin rana ya ce, "Alhaji, ka gode wa Allah da ka tsaya. Da wannan ya wuce, nozul takwas za ka saya." Nozul takwas na asali da dala ake sayensu, kuɗinsu na iya haɗiye rarar man shekaru. Kafin ma su mutu gaba ɗaya, in suka fara lalacewa sai fesawar ta zama ɗiga, mota ta fara baƙin hayaƙi, shan mai ya ƙaru a hankali yadda mai ita ba zai lura ba sai an jima. Saboda haka a motar gas, filtar mai ta asali da juye a kan lokaci suna cikin kuɗin mai, ko da ba a gidan mai ake biyansu ba.

Sinadarin salfa, wato farar wuta, shi ma yana cikin maganar. Tun 2009 Turai ta ƙayyade shi a kashi 10 cikin miliyan. A Najeriya an daɗe ana halatta har 3,000. A 2016 wata ƙungiya ta Suwizalan mai suna Public Eye ta fallasa yadda 'yan kasuwar mai ke haɗa man da Turai ba za ta karɓa ba suna turo shi Afirka ta Yamma, a ƙarshen shekarar kuma Najeriya da Gana da Benin da Togo da Kodebuwa suka yi alƙawarin sauko da shi zuwa 50. Gana ta aiwatar a 2017, a Najeriya abin ya yi ta jan ƙafa, har a 2024 ana cacar baki a kansa tsakanin hukumar da ke kula da harkar mai da matatar Dangote.

Wanda wannan ya fi shafa shi ne mai sayen jif ɗin gas 'yar Turai: Range Rover, Mercedes GLE, BMW X5, Audi Q7. Kusan duk wadda aka ƙera wa kasuwar Turai daga 2009 tana da wata matata a cikin salansa, DPF, mai kama toka da baƙin hayaƙi. In ta cika, injin yakan fesa ƙarin mai don ya zafafa ta zuwa wajen digiri 600 ta ƙone abin da ta tara, wannan kuwa yana buƙatar tafiya miƙaƙƙiya ta minti 15 ko 20. Motar da ba ta fita gari ba ta samun wannan dama. Sai ta fara, a kashe ta a ƙofar gida, gobe ta sake farawa, kowane yunƙuri da mansa, wani man ma ya zurara cikin baƙin mai ya tsinka shi. Man da ke da yawan salfa yana gaggauta lalacewar dukkan wannan tsari. Motocin baya-bayan nan kuma suna da tankin wani ruwa, AdBlue, haɗin sinadarin yuriya kashi 32.5 cikin ɗari da tataccen ruwa, wanda in ya ƙare motar ba za ta sake tashi ba bayan an kashe ta. Duk waɗannan na'urori an sa su ne don injin gas mai tsimin mai yana fitar da iska mai cutar da huhu, kuma rage ta yana cin mai. Ƙoƙarin kauce wa wannan ciniki ne ya jefa Volkswagen cikin abin kunyar Satumban 2015, lokacin da aka gano ta sa wa motoci kusan miliyan 11 manhajar da ke gane ana gwaji ta gyara halinta.

Maganin da aka saba yi a garejinmu shi ne a fasa matatar a zubar da cikinta, a rufe bakin kwamfuta. Motar takan saki jiki, shan mai ma ya ɗan ragu. Ni dai ban yarda da wannan ba. Tun 2012 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin gas cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa. Mai motar yana ciki, gilashi a rufe, esi na busawa. Wanda ke shaƙa shi ne ɗan acaɓan da ke bayansa, da yarinyar da ke tallan gyaɗa a bakin danja, fuskarta daidai tsayin salansa. Wanda ya san ba zai iya riƙe DPF ba, ya fi masa ya nemi wadda aka ƙera wa kasuwar Afirka ko ƙasashen Larabawa tun farko, ko ya tsaya a fetur.

Aunawa ba ta da wuya, amma kwamfutar gaban mota ba ita ce alƙali ba, ƙiyasi take yi, sau da yawa kuma tana rangwame. A cika tanki har famfo ya katse da kansa, a rubuta lambar kilomita. A yi harkar da aka saba. In an dawo, a cika a gidan man nan, in da hali a famfon nan, a rubuta litar da ta shiga da kilomitan da aka yi. A raba litar da kilomita a ninka da 100. Cikawa ɗaya ba ta isa, musamman a mota mai tanki biyu, sai an yi uku ko huɗu kafin lambar ta zauna. Kuma lita za a rubuta, domin wanda ke cewa "a zuba na dubu hamsin" ba zai taɓa sanin ko motarsa ce ta canza ko farashi ba. A raba lissafin gari da na hanya, kowanne da shafinsa.

Ra'ayina a fili yake. Ɗan kasuwar da ke Kano yau, Maiduguri jibi, ɗan kwangilar da ke shiga ƙauyuka da kaya, mai gona a nesa, wanda ke da gidan man da ya amince da shi da bakaniken da ya san injin gas na zamani ba na tirela kaɗai ba, wannan jif ɗin gas za ta yi masa adalci, ta kuma ba shi abin da fetur ba zai ba shi ba: kilomita 1,000 a cikawa ɗaya, a ƙasar da ake iya wayar gari gidajen mai a rufe. Wanda rayuwarsa ke tsakanin gida da ofis da gidan biki, nauyi da girma ya saya, injin gas ba zai sauke masa su ba.

Yaya bai sayar da tasa ba. Kai yara makaranta ya koma kan ƙaramar motar gidan, jif ɗin kuma ba ta fita sai tafiya ta kama. Ya sayi wani ɗan littafi mai bangon shuɗi ya ajiye a aljihun gaban mota, direban ne ke rubutawa a duk cikawa, da biro ɗaure da zare. Da suka dawo daga Abuja kwanan baya, yaron da kansa ya miƙo mini littafin ta taga tun kafin ya kashe mota. "Yallaɓai, duba. Sha biyu da ɗigo uku, kuma ban wuce ɗari da goma ba."